Sabis, Task Scheduler ko shiga kai-tsaye: wace hanya ta fi don manhaja ta riƙa tashi da kanta?

A kusan kowane ofis, kemis ko shagon buga takardu akwai wata kwamfuta da aka tura ƙarƙashin tebur. Ba mai zama gabanta, amma ranar da ta yi shiru kowa sai ya ji a jikinsa. Ita ke riƙe da lissafin kaya, ko take kwafe fayiloli zuwa wata kwamfutar, ko take karɓar takardun da ake tura wa firinta. Ciwonta guda ne, kuma na kullum: a ɗauke wuta da tsakar dare, a dawo da ita, kwamfutar ta tashi ta tsaya a allon neman kalmar sirri. Manhajar da ake dogaro da ita kuwa tana ta barci har sai yaron shago ya zo da safe ya shiga. In daren Asabar ne a ofis, to sai Litinin.

Wanda ya kai kukansa wurin masana yakan ji an ce masa, "mayar da ita sabis mana." Shawarar ba ta da laifi, sai dai ba kowace manhaja ce ke yarda a mayar da ita sabis ba, kuma hanyoyin sun kai shida ko bakwai, kowace da inda take yi wa mutum ciwo. Na gwada yawancinsu a Windows, wasu a Linux. Kafin a kai ga zaɓen kayan aiki, akwai tambayar da ke raba gardama tun daga tushe: manhajar nan tana buƙatar allo da mutum a gabanta, ko za ta iya aiki a ɗaki mai duhu ita kaɗai?

Abin da ya raba sabis da manhajar tebur

Sabis manhaja ce da babbar manhajar kwamfuta ke tayarwa da kanta tun kafin kowa ya shiga. A Windows akwai sashen da ke kula da su, sunansa Service Control Manager. Shi ke tayar da su, shi ke tsayar da su, kuma duk wanda ya tayar yana jiran ya amsa masa cewa ya tashi lafiya. Manhajar tebur ta yau da kullum ba ta san wannan gaisuwa ba. Rayuwarta a ɗaure take da zamanka: ka shiga ta tashi, ka fita ta mutu.

Shi ya sa dabarar da mutane ke fara gwadawa, wato buga umarnin sc create a kan fayil ɗin manhajar kai-tsaye, ba ta haifar da ɗa mai ido. Sunan zai bayyana a jerin sabis-sabis, amma da ka ce ya tashi, Windows za ta jira amsa na daƙiƙa 30, in ba ta samu ba ta kashe shi ta nuna kuskure mai lamba 1053. Dole a sa ɗan tsakani, wata ƙaramar manhaja da ta iya amsa wa Windows, ita kuma ta tayar da taka a bayanta. NSSM da WinSW da AlwaysUp duk aikin da suke yi ke nan.

Ɗan tsakani yana magance gaisuwa, amma ba ya magance allo. Tun daga Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a farkon 2007, an ware sabis-sabis a ɗaki nasu da ake kira Session 0, mutane kuma suna shiga Session 1 zuwa sama. Tsaro ne ya jawo haka: a zamanin XP sabis mai cikakken iko da mutumin farko da ya shiga suna allo ɗaya, muguwar manhaja na iya aika saƙo zuwa tagar sabis ta haye ikonsa. Bayan rabuwar, duk tagar da sabis ya buɗe tana buɗewa ne inda ba idon da zai gan ta. An bar wata 'yar kafar leƙe mai suna Interactive Services Detection, ita ma aka toshe ta a Windows 10 siga ta 1803, a 2018.

Ga abin da hakan ke nufi a aikace. Manhajarka ta fito da saƙo, "akwai sabuwar siga, a sauke?" ko "lasisi ya kusa ƙarewa." Ta tsaya cak tana jiran a latsa mata OK a ɗakin da ba kowa. Kai kuma ka buɗe jerin sabis, ka ga an rubuta tana gudana, ka koma ka kwanta da kwanciyar hankali.

Ma'aunan da zan auna da su

Na farko, tana tashi kafin a shiga ko sai an shiga? Na biyu, in ta mutu da tsakar aiki, wa zai tashe ta? Na uku, ana ganin tagarta ko ba a gani? Sai kuɗi, sai sauƙin saitawa, sai ɗorewa, wato ko za ta ci gaba da aiki bayan shekara biyu, bayan an canza kalmar sirri, bayan Windows ta sabunta kanta ta sake tashi kamar yadda takan yi bayan Talata ta biyu a wata.

Ma'auni na ƙarshe shi ya fi cin mutane, don haka bari in tsaya a kansa: da sunan wa manhajar ke gudana? In ba ka ce komai ba, sabis da sunan LocalSystem yake tashi. Wannan asusu ya fi na admin ƙarfi a cikin kwamfutar, amma ba kai ba ne. Ba ya ganin saitin da ka ajiye a asusunka, ba ya ganin faifan netwok da ka raɗa wa harafin Z, ba ya ganin kalmomin sirrin da ka adana. Ɗauki Syncthing, manhajar kyauta da ke daidaita fayiloli tsakanin kwamfutoci. Ka saita ta a asusunka, ka haɗa ta da kwamfutar gida, komai na tafiya. Ka mayar da ita sabis da sunan LocalSystem ba tare da ka nuna mata foldar saitinta ba, sai ta leƙa wani wuri daban, ba ta ga komai ba, ta ƙirƙiro wa kanta sabuwar shaida kamar yau aka haife ta. Kwamfutar gida ba ta san ta ba. Banda haka, ka ɗauki manhajar da ke magana da intanet ka damƙa mata makullin gida gaba ɗaya. Maganin abu biyun ɗaya ne: a buɗe mata asusu na musamman mai ƙaramin iko, a ba shi izinin foldar da take buƙata kawai, a kuma rubuta cikakken adireshin foldar netwok maimakon harafi.

Foldar Startup tare da shiga kai-tsaye

Wannan ba sabis ba ne ko kaɗan, kuma masana kan raina shi. Ka latsa maɓallin Windows da R, ka rubuta shell:startup, ka jefa gajeriyar hanyar manhajar a foldar da ta buɗe. Sannan ka sa kwamfutar ta riƙa shiga asusun da kanta, misali da Autologon, ƙaramar manhajar kyauta daga tarin Sysinternals na Microsoft. Aikin minti biyar ne, ko sisi ba ka kashe ba.

Amfaninsa babba ne: manhajar na gudana a inda aka gina ta don ta gudana. Tagarta na nan, alamarta na nan kusa da agogo, saitinta da firintarta da faifan netwok duk suna nan. In ta fito da tambaya, wanda ya kunna allo zai gani.

Rauninsa biyu. In ta mutu ba mai tashe ta sai kwamfutar ta sake tashi ko wani ya lura. Sannan ƙofa a buɗe take: duk wanda ya zauna gaban kwamfutar ya shiga. Autologon na ɓoye kalmar sirrin, amma mai ikon admin na iya tono ta. Ana rage haɗarin da amfani da asusu marar ikon admin, da sa allo ya kulle kansa bayan minti ɗaya ko biyu. Kulle allo ba ya tsayar da manhaja, fita daga asusu ne ke tsayar da ita, kuma wannan bambanci ya kamata a koya wa duk mai taɓa kwamfutar.

Task Scheduler

Wannan shi ne sashen da ke tayar da ayyuka a lokacin da aka tsara masa, kuma yana cikin kowace Windows, ba sai an sauke komai ba. Ka ƙirƙiri aiki, ka ce ya tashi a lokacin da kwamfuta ta tashi, ka zaɓi ya gudana ko an shiga ko ba a shiga ba, ka ba shi kalmar sirrin asusun. Manhajar za ta tashi kafin kowa ya shiga, da saitin asusunka. Taga dai ba za ka gani ba, domin wannan zaɓi shi ma a ɓoye yake gudanar da ita.

Sai dai an gina shi ne don ayyukan da ke farawa su ƙare, kamar kwafe fayiloli da ƙarfe biyun dare, ba don abin da zai yi wata shida yana gudana ba. Saitinsa na asali duk wannan tunani ne, kuma a nan na taɓa cin ƙasa. Wani mai kemis ya nemi in sa lissafin shagonsa ya riƙa isa kwamfutarsa ta gida. Na ba shi shawara mu yi amfani da tsohuwar laftof, tunda tana da batir, ko an ɗauke wuta ba za ta mutu ba. Na saita aikin, na gwada sau biyu, na karɓi godiya na tafi. Bayan mako guda ya kira ni: "Malam, abin nan fa tun ranar Laraba bai motsa ba." Da na je, laftof na kunne, allo na haske, Syncthing kuwa babu ita. Laifina ne. A shafin Conditions akwai alamomi biyu da ke zuwa a kunne: ɗaya ta ce kada aikin ya fara sai kwamfuta na kan wuta, ɗayar ta ce a tsayar da shi in ta koma kan batir. Wato dalilin da ya sa muka zaɓi laftof shi ne ya kashe aikin. Da aka ɗauke wuta aikin ya tsaya, kuma tunda laftof ɗin ba ta mutu ba balle ta sake tashi, ba abin da ya sake tayar da shi.

Da na cire waɗannan, sai na duba shafin Settings na ga ta uku tana jirana: a tsayar da aikin in ya wuce kwana 3 yana gudana. Ita ma a kunne take zuwa. Akwai ta huɗu da ba a gani a allo: ayyukansa na gudana da fifikon da ya gaza na sauran manhajoji, sai an fitar da aikin a fayil ɗin XML an gyara lambar an mayar.

Wajen farfaɗowa, yana da zaɓin sake gwadawa in aiki ya gaza, amma ban dogara da shi ba ga manhajar da ta tashi lafiya ta mutu daga baya. Dabarar da ta fi min aiki ita ce a sa aikin ya riƙa maimaita kansa duk minti biyar har abada, tare da zaɓin kada a tayar da sabo in na farko na gudana. In tana raye ba abin da zai faru, in ta mutu cikin minti biyar ta dawo. Ranar da aka canza kalmar sirrin asusun kuma, aikin zai daina tashi shiru ba sanarwa. Kuma kalmar sirri ta ainihi yake so, ba lambar PIN da kake shiga da ita ba.

srvany

Tsohon ɗan tsakani ne daga kayan aikin Windows Server 2003, har yanzu ana cin karo da shi a tsofaffin bayanai. In manhajar ta mutu bai sani ba, zai ci gaba da nuna sabis na gudana. A wuce shi.

NSSM

Wannan shi ne wanda aka fi ambata, kuma ya cancanta. Fayil ɗaya ne da bai kai megabayit guda ba, kyauta ne ga kowa har da mai kasuwanci, Iain Patterson ne ya rubuta shi. Ka buɗe wurin buga umarni da ikon admin, ka rubuta nssm install da sunan da kake so, sai 'yar taga ta fito. Ka nuna masa fayil ɗin manhajar, foldar da za ta fara a ciki, asusun da za ta gudana da shi, da fayil ɗin da zai riƙa zuba duk abin da ta faɗa. Daga nan ta zama sabis na sosai, ana ganinta a jerin sabis na Windows, wato services.msc, kamar kowane.

Abu biyu nake yaba masa. In manhajar ta mutu yana tashe ta nan take, in kuma ya ga tana tashi tana faɗuwa a jere sai ya riƙa ƙara tazara, har zuwa wajen minti huɗu, don kada ta cinye ƙarfin kwamfutar. Na biyu, in za a tsayar da ita ba ya fara da sara. Yakan fara roƙonta ta rufe da kanta ta hanyoyi uku, sai in ta ƙi ya kashe ta da ƙarfi. Ga manhajar da ke rubutu a rumbun bayanai, wannan ladabi shi ke raba ka da fayil da ya lalace.

Inda yake da rauni shi ne shekaru. Tabbatacciyar sigarsa ta ƙarshe, 2.24, ta 2014 ce, sai wata ta gwaji ta 2017 da ake ba masu Windows 10 zuwa sama shawarar ɗauka. Yana aiki har yanzu, amma ofishin da ke da dokar kada a girka abin da ba a sabuntawa zai ƙi shi. Wasu antibairos kuma kan daka masa tsawa, domin masu kutse su ma suna amfani da shi wajen dasa kayansu. Kuma mutuwa kawai yake ganewa. In manhajar ta sandare, tana nan amma ba ta motsi, a wurinsa lafiyarta ƙalau.

Kuskuren da na fi gani: a bar nssm.exe a foldar Downloads a girka sabis daga can. Sabis ɗin wannan fayil yake kira duk lokacin tashi. Ranar da wani ya share foldar don samun fili, shi ke nan. Mafi muni, in fayil ɗin na wurin da kowa ke iya rubutu, mai ƙaramin asusu zai iya musanya shi da nasa, Windows ta tayar masa da shi da cikakken iko. A ajiye shi cikin Program Files tun kafin a fara.

WinSW

Aikinsa ɗaya da NSSM, salonsa ne daban. Kohsuke Kawaguchi, wanda ya ƙirƙiro manhajar Jenkins ta masu rubuta manhaja, shi ya fara shi, kuma kyauta ne a ƙarƙashin lasisin MIT. Ba shi da taga. Kana rubuta ɗan fayil na XML ka ajiye kusa da shi da suna iri ɗaya, a ciki ka faɗi sunan sabis, manhajar da za a tayar, abin da za a yi in ta faɗi, da yadda za a riƙa juya kundin aiki don kada ya cika faifai. Sai umarnin install.

Ga mai kwamfuta ɗaya, wannan ƙarin wahala ne ba riba. Ga mai kula da kwamfutoci ashirin a rassa, riba ce tsantsa: saitin na cikin fayil da za ka kwafa, ka adana, ka duba bayan shekara ka san abin da ka yi. An gina shi a kan .NET, don haka a duba wace sigarsa ta dace da kwamfutar. Tabbatacciyar sigarsa ta fi ta NSSM sabunta da shekaru da dama. Matsalar Session 0 da ta manhajar da ta sandare suna nan yadda suke.

Duk wanda ka ɗauka cikin biyun, in manhajar na buƙatar netwok, sa sabis ɗin a kan Automatic mai jinkiri. Zai jira wajen minti biyu bayan tashi, lokacin da katin netwok ya gama shiri. In kuma ka ga kuskure mai lamba 1069, kada ka wahalar da kanka: galibi kalmar sirrin asusun ce aka canza.

Na kuɗi: AlwaysUp da FireDaemon Pro

Waɗannan sayarwa ake yi, lasisi kan kowace kwamfuta. AlwaysUp na kamfanin Core Technologies ya daɗe a wajen dala 50, kuma duka biyun suna ba da gwajin kwana 30. Da dala ake biya, sai mutum ya buga lissafinsa da canjin ranar, ya ninka da yawan kwamfutocinsa.

Me kuɗin ke saya? Ido. Suna lura da manhajar da ta sandare su sake tayar da ita, AlwaysUp kuma har da wadda ta fara haɗiye ƙwaƙwalwar kwamfuta. Suna iya sake tayar da ita a ƙayyadadden lokaci, misali kullum kafin asuba. AlwaysUp na aiko da imel in wani abu ya faru, kuma akwai wanda za ka rubuta wa in ka maƙale. AlwaysUp na iya tayar da manhajar a cikin zaman wanda ya shiga don a ga tagarta. In akwai manhajar tebur mai taurin kai da dole sai ta gudana ba mutum, a nan ta fi samun dama.

Amma kuɗi ba ya canza halin manhaja. Kamfanin Microsoft da kansa ya bayyana cewa ba ya goyon bayan sarrafa Word, Excel ko Outlook daga cikin sabis, domin an gina su da zaton akwai mutum a gaba. OneDrive da Dropbox da Google Drive su ma don zaman mutum aka yi su. Ana iya tilasta su, kuma sukan yi aiki, har ranar da sabuntawa ta zo ko suka nemi a sake shiga asusu a tagar da ba a gani. Yi amfani da kwana talatin ɗin gwaji sosai kafin ka biya.

Linux da systemd, Mac da launchd

Wani lokaci amsar ita ce a ɗauke aikin daga Windows ɗungurungum. A Linux ba a buƙatar ɗan tsakani. systemd, mai kula da sabis-sabis a can, wanda ya fito a 2010 kuma Debian da Ubuntu suka koma kansa a 2015, yana tayar da kowace irin manhaja daga fayil mai layi goma: ExecStart ya faɗi abin da za a tayar, User ya faɗi da sunan wa, Restart=on-failure ya ce a tashe ta in ta faɗi. Duk abin da ta faɗa yana shiga kundi, ka karanta da journalctl. Syncthing ma da nata fayil ɗin take zuwa, umarni ɗaya ya isa. In sabis na asusunka ne ba na kwamfuta gaba ɗaya ba, sai ka buga loginctl enable-linger don ya tashi ko ba ka shiga ba. Tsohuwar kwamfuta ko Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, sun isa, kuma ta biyun ba ta cin wutar da za ta dami inbata. Sharaɗin shi ne manhajar tana da sigar Linux, kuma akwai wanda zai iya duba ta in ba ka nan. Manhajar lissafin shago da aka rubuta don Windows ba ta cikin wannan magana.

A Mac, launchd ke wannan aiki tun 2005. Abin da aka sa a LaunchDaemons yana tashi kafin a shiga ba taga, na LaunchAgents yana tashi bayan an shiga da taga, KeepAlive kuma ke farfaɗowa. In FileVault, makullin faifai na Mac, na kunne, ba abin da zai tashi sai an buɗe faifan da kalmar sirri.

| Hanya | Kuɗi | Tashi ba mutum | In ta mutu | Taga | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Startup da shiga kai-tsaye | Kyauta | E, ta hanyar shiga da kanta | Ba mai tashe ta | Ana gani | Mai sauƙi ƙwarai | Kwamfuta a buɗe |
| Task Scheduler | Kyauta | E | Sai da dabarar maimaitawa | Ba a gani | Matsakaici | Saitin batir da na kwana 3 |
| NSSM | Kyauta | E | Yana tashe ta | Ba a gani | Mai sauƙi | Tsufa, da wurin ajiye fayil |
| WinSW | Kyauta | E | Yana tashe ta | Ba a gani | Sai an rubuta XML | Kuskure a saiti |
| AlwaysUp, FireDaemon Pro | Dala, kan kowace kwamfuta | E | Yana tashe ta, har in ta sandare | Akwai hanyar gani | Mai sauƙi | Biya a kan manhajar da ba ta yarda |
| systemd | Kyauta | E | Yana tashe ta | Ba a gani | Sai an san Linux | Rashin mai dubawa |

Abin da ke gaba da duk waɗannan

Sabis ba ya tashi a kwamfutar da ke kashe. Shiga BIOS, wato saitin da ake shiga tun kafin Windows ta tashi, ka nemo saitin abin da za ta yi in wuta ta dawo. Wasu na kiransa AC Recovery, wasu Restore on AC Power Loss, wasu After Power Loss. Sa shi a kan kunnawa. In BitLocker, makullin faifai na Windows, na neman PIN a farkon tashi, nan za ta tsaya. A hana ta yin barci a saitin wuta. Sannan gwaji na gaskiya: a lokacin da ba a rubuta komai mai muhimmanci, zare filogi, mayar, kada ka taɓa madannai, ka koma wata kwamfutar ka ga ko aikin ya dawo. Bayan haka ka kashe manhajar da gangan daga Task Manager ka ƙirga daƙiƙu nawa za ta yi kafin ta tashi.

Wa ya dace da wace

In manhajarka mai taga ce, tana tambaya, tana neman a shiga asusu, ko tana aiki da Excel ko Outlook, irin ta lissafin shago, ta kallon kyamarori ko ta ma'ajiyar intanet, bar ta a inda ta saba: Startup da shiga kai-tsaye, asusu marar ikon admin, allo mai kulle kansa. In kana tsoron mutuwarta, tayar da ita ta Task Scheduler a lokacin shiga, da zaɓin gudana sai an shiga, ka haɗa da maimaitawar minti biyar. Ka samu taga, ka samu farfaɗowa.

In marar taga ce, irin Syncthing, ƙaramar saba (server), ko wani abu da ka rubuta da Python ko Node, kuma kwamfuta ɗaya ce ko biyu, ɗauki NSSM da asusu na musamman. Nan nake fara zuwa. Kwamfutocin sun yi yawa, ko za ka miƙa wa wani ya ci gaba da kulawa, WinSW ya fi.

In ofishinku ya hana girka komai daga waje, Task Scheduler ne ya rage, ka cire alamomin nan uku kafin ka tashi daga kujera. Shi ne kuma daidai ga aikin da ke farawa ya ƙare, kamar kwafin dare. Irin wannan bai ma kamata a mayar da shi sabis ba.

In tsayuwar manhajar na awa ɗaya na jawo asarar da ta fi kuɗin lasisi, ko tana da halin sandarewa, ko kwamfutar na wani gari da ba ka zuwa sai wata-wata, sayi AlwaysUp ko FireDaemon Pro, in AlwaysUp ne ka saita imel ɗin sanarwa tun ranar farko.

In kuwa aikin bai wuce ajiye fayiloli, daidaita su ko raba firinta ba, kuma kana da tsohuwar kwamfuta a kusurwa tana cin ƙura, sa mata Debian ko Ubuntu ka miƙa wa systemd, ka rubuta umarni uku na dubawa da sake tayarwa a takarda ka manna a jikinta don wanda zai zo bayanka.